Ƙaramar lamba ɗaya ta cinye min maki huɗu

Ummita: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu kemistiri ku raba ni da malaminmu. Yau aka dawo mana da takardun gwaji. An ce mu daidaita wannan: H2 + O2 → H2O. Na duba hagu, oksijin biyu ne, dama kuma ɗaya. Sai na ƙara 2 a gindin O ɗin dama, ya koma H2 + O2 → H2O2. Na ƙirga da yatsa, H biyu nan biyu can, O biyu nan biyu can. Wallahi jan biro ya ja min tun daga farkon layi har ƙarshe, cikin maki huɗu ko ɗaya bai ba ni ba. Da na bi shi ofis sai cewa ya yi wai in je in sha abin da na rubuta in gani. Ban gane nufinsa ba, kunya kuma ta hana ni sake tambaya. Ina laifina yake?

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam. An zalunce ki ƙanwata, magana ta ƙare. Cewa aka yi a daidaita, kin daidaita. Biyu da biyu, biyu da biyu. Wasu malaman in ba ka bi hanyar da ke cikin littafinsu ba shi ke nan ka faɗi.

Anti Nas: Hahaha, “ki sha abin da kika rubuta”. Malaminku ɗan duniya ne. Ummita, H2O2 shi ne ruwan nan da ake wanke ciwo da shi, wanda in an ɗiga a kan gyambo sai ka ga yana kumfa. Na kwalbar kemis ma kashi 3 ko 6 ne kawai cikin ɗari, sauran duk ruwa ne aka tsinka shi da shi. Mai ƙarfinsa fata yake ƙonawa, gashi ma yana kashe masa launi. Kar ki kuskura ki bi shawarar malamin dai.

Ummita: Innalillahi! Anti yanzu O ɗaya da na ƙara ne ya mayar da ruwan sha maganin gyambo?

Malam Mai Alli: Shi kaɗai kuwa, 'yata. Bari in shigo, tun ɗazu nake karantawa ina cin abinci.

Lambobi iri biyu ne a irin wannan layi, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Akwai ƙarama da ke zaune a gindin harafi, akwai babba da ke tsaye a gaban sunan gaba ɗaya. Ƙaramar tana cikin sunan abin ne, ita ke faɗin yadda aka ƙera shi. Babbar kuwa ƙirge ce kawai, guda nawa aka kawo.

Ɗauki A Daidaita Sahu. Gangar jiki ɗaya, taya 3. Mu rubuta shi GT₃. In na ce 2GT₃, A Daidaita biyu ke nan a tasha, taya 6. In kuwa na ga tayoyi ba su ishe ni lissafi ba, na goge 3 na sa 4, ai ban ƙara A Daidaita ba, na koma sayar da mota. Abin da kika yi ke nan. An ce ki haɗa ruwa, kika ga oksijin ya yi rara, maimakon ki ƙaro haidirojin ya cinye rarar sai kika cusa ta cikin ruwan, ya tashi daga ruwa.

Ga yadda ake so: 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Ƙirga ki gani. H huɗu a hagu, huɗu a dama. O biyu a hagu, a dama kuma ruwa biyu ne kowanne da O ɗaya. Ba a taɓa gindin kowa ba.

Sarkin Gardama: Allah ya gafarta Malam, amma nata ɗin ya daidaita ko bai daidaita ba? Amsa ɗaya nake so.

Malam Mai Alli: Ya daidaita, amma amsar wata tambaya ce da ba a yi mata ba. In na aike ka sayo gero mudu biyu ka dawo da dawa mudu biyu, awonka daidai ne, aikenka ne bai yi ba.

Sarkin Gardama: To ko na wahalar awo ai a ba da maki ɗaya.

Admin: Malam, ya kuke yi lambobinku suke sauka ƙasa? Ni rabin rikicin nan ma a waya nake ganinsa. In an rubuta 2H2O duk lambobin tsayinsu ɗaya, yaro bai san babba ba bai san ƙarama ba.

Malam Mai Alli: Na adana su ne a wani wuri a wayar, daga ₀ zuwa ₉, kwafowa nake ina liƙawa. Wahala ce amma ta fi a ruɗa yara. Wanda ba zai iya ba ya bar fili bayan babbar lamba, ya rubuta 2 H2O. Duk lambar da ta biyo bayan harafi ta gindi ce.

Sarkin Gardama: Ni fa duk wannan dogon turanci ne. Lokacin da na zana WAEC haddace su na yi, sun kai arba'in, har da na haɗa sabulu. Suka fito na zuba musu, na ci. Wa ke da lokacin ƙirga taya a ɗakin jarrabawa?

Malam Mai Alli: Madalla da hadda, mu ma da ita muka tashi. To ga wata 'yar tambaya. 2Al₂(SO₄)₃, ƙwayar oksijin nawa ce a ciki?

Sarkin Gardama: 2 da 4 da 3, tara ke nan.

Anti Nas: Sarki, tarawa ka yi kamar kuɗin adashe?

Ummita: Malam in gwada? SO₄ ɗin kamar ƙunshi ne, O huɗu a ciki. Baka ta rufe shi an sa 3 a waje, ƙunshi uku ke nan, 12. Babbar 2 ta gaba ta ninka komai, 24.

Malam Mai Alli: Allah ya yi miki albarka. 24 ne. Lambar da ke bayan baka tana ninka duk abin da ke cikin bakar, ba ta taɓa na waje. Al ɗin kuma 4, S 6. Wannan sinadarin dangin alif ne, irinsa ake zubawa a matatar ruwa don laka ta kwanta. Sarki, ka ga inda hadda ke tsayawa. Tana kai ka har bakin tambayar da ka taɓa gani, in aka sauya mata riga sai ta sake ka.

Sarkin Gardama: Sauri na yi, ban ga bakar ba.

Baban Gona: Ni tsohon ɗalibi ne, na bar aji shekara ashirin ke nan, amma akwai abin da har yau yake min ciwo. Wata rana na rubuta CO da ƙaramin o, malami ya soke. Na ce masa ai harafin ɗaya ne, ya ce in fita. Har muka gama bai faɗa min dalili ba.

Malam Mai Alli: Alhaji, kamar ƙugiya ce a rubutunmu. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. A wannan fanni duk babban harafi sabon sinadari ne ya fara. Ƙaramin harafi kuwa jela ce ta babban da ke gabansa. Co, babba da ƙarami, abu ɗaya ne, wani ƙarfe da ake kira kobal, wanda ake haƙowa da yawa a Kwango ana sa shi a batirin waya. CO, manya biyu, abu biyu ne suka haɗu, kabon da oksijin. Haka yara ke karanta Cl su ce “C wan”, alhali ƙaramin L ne, kulorin ke nan. Na sha ganin NaC1 a takardar jarrabawa, da lamba ɗaya ɓaro-ɓaro.

Anti Nas: Wannan CO ɗin ni ba a littafi na san shi ba. Wata shekara da damina, ina aikin dare, aka kawo mana mutum biyar 'yan gida ɗaya da asuba. Ruwa ne ya sauko suka shigar da janareta cikin baranda don kar ya jiƙe, suka rufe ƙofa suka kwanta. Maƙwabci ne ya ji shiru ya fasa. Uku muka samu, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Iskar ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sama da sau 200, mutum yana barci yana tafiya. Haka masu shiga ɗaki da kaskon gawayi lokacin hunturu su toshe taga.

Baban Gona: Allah ya jiƙansu. Amma Anti, hayaƙin gawayi ba shi ne CO2 ɗin da muke fitarwa in mun yi numfashi ba?

Malam Mai Alli: Amin. A nan karatun alama yake da rana. Duba layi biyun nan.

C + O₂ → CO₂

2C + O₂ → 2CO

A na sama kabon ɗaya ya samu O₂ guda cur shi kaɗai, iska ta wadata. A na ƙasa kabon biyu ne suke rabon O₂ ɗaya, kowa ya tashi da rabi. Wanda ya iya karatu, da ya ga 2 ɗin nan na gaban C ya san iska ce ta yi ƙaranci. Ɗaki a rufe ke nan. Gawayin ɗaya ne, wutar ɗaya ce, taga ce ta raba su.

Ummita: Yanzu na fara gani. To Malam wata tambayar. Me ya sa oksijin O, kabon C, amma sodiyam Na, fotasiyam K, ƙarfe Fe? Ko S babu a Na. Da gangan aka yi don a wahalar da mu?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum mutanen Nijeriya. Nan mu da muka yi lakkwal da Faransanci muka fi ku sa'a. Ƙarfe muna ce masa fer, ga Fe. Dalma plomb, ga Pb. Jan ƙarfe cuivre, ga Cu. Azurfa argent, ga Ag. Daga Latin aka ɗauko su, Faransanci kuwa jikan Latin ne. Amma mu ma akwai inda ta cije mu: naitirojin azote muke ce masa, alamarsa kuma N. Abin da ke burge ni shi ne, littafina na Yamai da naku na Kano ba mai iya karanta bayanin wani, amma in aka zo layin alamomi baki ɗaya muke.

Malam Mai Alli: Marhabin da ɗan'uwa. Wannan aikin wani masani ne ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, wajen shekarar 1813. Kafinsa Dalton na Ingila zane yake yi, da'ira mai ɗigo a tsakiya haidirojin, da'ira fayau oksijin, baƙar da'ira kabon. Masu ɗab'i suka sha wahala, ga shi kullum ana gano sabbin sinadarai, zane na neman ƙarewa. Berzelius ya ce a ɗauki harafin farko na sunan Latin, in biyu sun yi karo a ƙara wa ɗaya harafi na biyu. Shi a sama ma yake ɗora ƙaramar lambar, daga baya aka sauko da ita gindi. Saman yanzu wurin nuna cajin lantarki ne, kamar Ca²⁺ ko Cl⁻, kar a haɗa su da na ƙasa.

Amma Ummita, Na ɗin da kike kuka da shi, yana kicin ɗin gidanku. Natrium ne cikakken sunan, daga natron, wato kanwa. A Masar akwai kwarin da ake kira Wadi Natrun, tun zamanin Fir'aunoni ake ɗibar ta a can, da ita suke busar da gawa. Duk sanda kika rubuta Na, sunan kanwa kika taƙaita.

Baban Gona: A'a Malam, a nan kam zan ja da ku. Kanwa ai fotash ce. Kowa haka yake ce mata da Turanci, har a kasuwar 'yan kudu. Fotash kuwa K ce, a jikin buhun taki nake ganinta kullum, NPK.

Ɗan Damagaram: Alhaji, mu kanwa a ƙofar gidanmu take. Daga ƙasar Manga da bakin tafkin Chadi ake ɗauko ta, raƙuma da motoci suna kai muku. Gishirin sodiyam ce, ba ta fotasiyam ba. Sunan ne kawai ya bi ta.

Baban Gona: To duk mutanen nan kuskure suke yi?

Malam Mai Alli: Suna ne ya zauna a bakin mutane, Alhaji, kamar yadda ake ce wa kowane garin wanki Omo. Babban abin da ke cikin kanwa ana rubuta shi Na₂CO₃·NaHCO₃·2H₂O. Ku nemi K a ciki, babu. Sauran ƙasa ce da gishiri da suka cakuɗu da ita, shi ya sa wata fara wata ja. Fotash ta gaskiya ita ce ruwan toka. A ƙona karan dawa ko na gero, a tace tokar, abin da ya ɗiga yawancinsa K₂CO₃ ne. Ita ma K ɗin daga kalium take, shi kuma daga kalmar Larabci ta tokar tsirrai. To kun ga, Na kanwa, K toka. Da yake aikinsu a tukunya kusan ɗaya ne, duka suna kashe tsami suna sa wake ya yi laushi, sai aka ba su suna ɗaya.

Baban Gona: Ikon Allah. Wato K ɗin buhun taki da tokar da muke watsawa a gona 'yan gida ɗaya ne.

Malam Mai Alli: Su ne. Shi ya sa inda aka ƙona kara shuka take yin kyau.

Sarkin Gardama: Malam kun sa ɗigo a tsakiyar sunan kanwar nan. A lissafi ɗigo sau ne. Na₂CO₃ sau NaHCO₃?

Malam Mai Alli: Wannan karon tambayarka ta yi kyau. Ba sau ba ne, “tare da” yake nufi. Yawanci ruwa ne da ya maƙale a cikin ƙwayar dutse, ka taɓa ka ji a bushe amma yana ciki. Misalin da kowa ya sani shi ne filastar silin da ta ɗaurin karaya. Dutsen asali CaSO₄·2H₂O ne. A gasa shi ruwan ya ragu, ya koma gari, CaSO₄·½H₂O. Mai aiki ya kwaɓa da ruwa, garin ya sake shanye abin da aka ƙwace masa, ya koma dutse a cikin 'yan mintoci. Shi ya sa ba a kwaɓa shi da yawa a ajiye.

Ummita: Malam saura ƙananan haruffan nan na cikin baka, (s) da (l) da (g) da (aq). Na san (s) daskararre ne, (g) iska. Amma (l) da (aq) duk ruwa-ruwa ne ai. Ni duk wanda ya zo min nake sawa.

Malam Mai Alli: A nan Hausarmu ce take ɗan yi mana ƙafar ungulu. Muna cewa man shanu ya narke a rana, muna kuma cewa sukari ya narke a shayi. Kalma ɗaya, alhali abu biyu ne. Man shanu shi kaɗai ne, zafi ya mayar da shi ruwa-ruwa, ba a ƙara masa komai ba. Wannan shi ne (l). Sukari kuwa ɓacewa ya yi a cikin wani ruwan. Wannan shi ne (aq), daga aqua, ruwa da Latin. Ni a aji narkewar wuta da narkewar jiƙo nake ce musu.

Ki ɗauki gishiri. NaCl(aq) ki zuba cokali ɗaya a kofin ruwa ki juya, kin samu. NaCl(l) kuwa sai kin kai gishirin zafin digiri 801 kafin ya kwarara, murhun gidanku ba zai iya ba. Kin ga wanda ya rubuta (l) a inda ake nufin ruwan gishiri ya yi ƙarya babba bai sani ba. Ruwa shi kansa H₂O(l) ne, ba a ce masa (aq), don ba a jiƙa ruwa da ruwa.

Mai Walda: Salam. Ni ban yi nisa a boko ba, ƙanina ne ya sa ni a nan don yana shirin NECO. Amma ina da tambaya. Kabayid da muke zubawa a tanki mu sa ruwa ya ba mu gas, akwai shi a wannan rubutun naku?

Malam Mai Alli: Akwai shi mana, maigida.

CaC₂(s) + 2H₂O(l) → C₂H₂(g) + Ca(OH)₂(s)

Bari in karanta maka da Hausa, kai ka faɗa min ko daidai ne. Dutsen kabayid, a daskare, an haɗa shi da ruwa. Sai suka ba da wata iska mai kamawa da wuta, suka bar wani farin abu a ƙasa.

Mai Walda: Wallahi haka ne! Farin nan kamar kwaɓaɓɓen alli, kullum sai mun kwashe shi mun zubar bayan shago, wasu ma suna ɗiba su shafe bango. Tankin kuma zafi yake ɗauka, in ka cika kabayid da yawa ba ka iya dafa shi. Wannan bai fito a layin ba.

Malam Mai Alli: Ka kama mu. Zafin ana rubuta shi daban a ƙarshen layi, da alamar ΔH. In ka ga an sa alamar ragi a gaban lambarta, haɗin yana fitar da zafi, kamar tankinka. In alamar tarawa ce, shan zafi yake, yawanci sai an hura masa wuta. Ka ga kai shekara da shekaru kana karanta layin nan da hannunka.

Anti Nas: Shi ne kuma wanda wasu ke nunar da ayaba da mangwaro da shi. Allah ya shirye su.

Injiniya: Na daɗe ina leƙe ban ce komai ba. Malam, ina da ƙorafi a kan littafin ɗana. Ni a kamfanin siminti nake aiki, abin da muke yi dare da rana shi ne CaCO₃ → CaO + CO₂. Dutsen farar ƙasa ya shiga, wajen digiri 900 ya saki iskarsa. A kowane kilo 100 na dutsen, 56 ne ke saura, 44 ya bi bututu. Ban taɓa ganin ya dawo ba. Amma littafin yaron ya sa masa kibiya mai kai biyu, ⇌. Kuskuren ɗab'i ne?

Malam Mai Alli: Ranka ya daɗe, kai da littafin duk kuna da gaskiya. In aka gasa dutsen a cikin tukunya a rufe ruf, iskar ba ta da wurin zuwa, sai ta riƙa komawa tana kama CaO tana sake zama dutse. Nan ⇌ ya dace. Ku kuwa tandunku a buɗe yake, iska na jan CO₂ tana fita da shi, babu mai komawa. Nan → ya dace. Kibiyar ba sinadaran kaɗai take kallo ba, har da halin da aka sa su. Kuma a littafin za ka ga Δ zaune a saman kibiyar, wannan wutarku ce. Duk abin da aka ɗora a kan kibiya ko ƙarƙashinta sharaɗi ne, ba ya cikin kayan haɗi, ba ya cikin abin da aka samu.

Lissafinka na 56 da 44 kuma, Ummita ki lura da shi. Sun haɗu sun ba da 100 cif. Dalilin daidaitawar ke nan tun farko. Lavoisier na Faransa ne ya kafa wannan da ma'auni kafin 1790: abu ba ya ɓata, wuri yake sauyawa.

Sarkin Gardama: To tunda hagu da dama nauyinsu ɗaya, me ya hana a sa alamar = a huta? Kuma ⇌ ai ma'anarta rabi nan rabi can.

Ɗan Damagaram: Tsofaffin littattafai suna sa = ɗin, na gani a na babana. Amma itace ya zama toka, ka ce itace daidai yake da toka? Je ka dafa tuwo da tokar.

Malam Mai Alli: Ya ba ka amsar farko. Kibiya tana faɗin inda aka dosa, = ba ta faɗi. Ta biyun kuwa kuskure ce da take kayar da ɗalibai da yawa. ⇌ ba ta ce rabi da rabi ba. Ka tsaya a ƙofar kasuwar Kwari da azahar. Mutum goma na shiga, goma na fita, cikin kasuwar ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Wannan bai nuna mutanen ciki da na waje yawansu ɗaya ba. Saurin shiga da na fita ne suka zo daidai.

Ga na takin Alhaji: N₂(g) + 3H₂(g) ⇌ 2NH₃(g). Hanyar Haber ke nan, da aka fara aiki da ita a masana'anta a Jamus a 1913, daga ita ake samun yuriya. Ana sa Fe a kan kibiya, ƙarfe ne ɗan zuga, yana hanzarta haɗin amma ba ya ƙarewa a ciki. Da zafin wajen digiri 450 da matsi mai tsanani, duk da haka abin da ke zama NH₃, wato amoniya, a zagaye ɗaya bai kai ko kusa da rabi ba. Sai a sanyaya a kwashe wanda ya samu, a mayar da ragowar ta sake zagayowa. Dabarar Injiniya ce dai, kwashe na dama don na hagu ya ci gaba da tahowa.

Baban Gona: Yanzu farin takin da nake saya da tsada, iskar da muke shaƙa ce aka matse?

Malam Mai Alli: Naitirojin ɗinsa dai daga iska yake, kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar duniya shi ne. Kuɗin matsewar kake biya.

Admin: Jama'a ƙarfe sha ɗaya ta wuce, akwai masu makaranta gobe.

Ummita: Minti ɗaya Admin. Na je kicin yanzu na jiƙa 'yar kanwa a kofi na matsa lemon tsami. Ya yi fuuu, kumfa ta taso har ta zubo. Mama ta fito ta ce me nake yi da kanwarta da tsakar dare. Malam kumfar nan ita ce (g)?

Malam Mai Alli: Ita ce, CO₂ ne ke fita. A wasu littattafan za ki ga sun sa ↑ a gefensa maimakon (g), in kuma abu ya kwanta a gindin kofi su sa ↓. Ki ba Hajiya haƙuri, ki ce ni na jawo. Abin da take gani ke nan duk ranar da ta sa kanwa a miyar yakuwa.

Ummita: Assalamu alaikum, na dawo daga makaranta. Na sami malamin na ce na gane abin da ya ce in sha. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Makin dai bai dawo min da shi ba, amma ya ba ni wani a allo gaban 'yan aji: Fe + O₂ → Fe₂O₃. Hannuna har ya kai gindin O zai taɓa, na tuna A Daidaita na janye. Na rubuta 4Fe + 3O₂ → 2Fe₂O₃. Ya ce saura alamomin baka. Na sa (s) a Fe, (g) a O₂, na ƙarshen ne na tsaya ina zare ido har aka kaɗa ƙararrawa.

Mai Walda: Ƙarfe da iska? Ai tsatsa ce wannan, ƙanwata. Kullum da burushin waya nake kankare ta, gari take zubowa ja. Sa mata (s).

Sarkin Gardama: Ni har yanzu ina nan a kan bakana, a ba ta maki ɗayan nan na jiya.